Bafarisiyen Kabong a Gidan Surukai

Tun da muka dawo daga Nijar ban ɗinka ko wuyan riga cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya leƙo shagona a unguwar Kabong, nan Jos, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ja benci ya ce, "Dauda, wai da gaske an jefe ka da takalmi?" Na gaji da maimaitawa, allura ta soke ni ya fi a ƙirga, don haka ga labarin gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi aiki. Amsar kuwa ita ce e, an jefe ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne, kuma ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta cocinmu. Kowace Ista mukan nuna yadda Farisiyawa, manyan malaman addini na wancan zamani, suka riƙa ɗana wa Yesu tarko da tambayoyi don su kama shi da bakinsa. Tun da na shiga ƙungiyar ba a taɓa ba ni wani matsayi ba sai na shugaban masu makircin nan. Mama Rifkatu, wadda take koyar da mu, ta ce ba laifina ba ne, Allah ne ya ba ni ƙananan idanu da murmushin gefe guda. Har a kasuwar Taminus in na je sayen zare sai in ji wani ya kira "Bafarisiye," ni kuma in waiwaya.

Wata majami'a ce a wani ƙauye kusa da Maraɗi ta gayyace mu. Ga sauran 'yan ƙungiya, yawon buɗe ido ne ya samu. Ni kuwa a wurina ba yawo ba ne, domin ƙauyen su Saratu ne, ma'aikaciyar jinyar da ta zo Jos karatu, ta sami aiki ta zauna, wadda nake nema da aure. Mahaifinta, Baba Arzika, dattijo ne a majami'ar. Bai taɓa ganina ba, Saratu kuma ta faɗa mini ba da wasa ba cewa in bai yarda ba, babu aure. Ta riga mu yin gaba don ta share mini hanya. Shirinmu shi ne in isa da wuri, in yi wanka, in sa farin kaftani, in durƙusa in gaishe shi a matsayin Dauda tela, tun kafin ya ga Bafarisiye.

Mun tashi da sanyin safiya a bas ɗin Malam Sabo na Rikkos. Musulmi ne, amma ya daɗe yana jigilarmu, har ya haddace wasan, in wani ya manta maganarsa shi ke tuna masa daga kan sitiyari. Kowannenmu ya zo cikin suwaita, wasu har da hular sanyi, wata 'yar'uwa kuma da bargo biyu. Malam Sabo ya dube mu ya girgiza kai.

"Maraɗi fa za mu, a watan bazara. Wa za ku kai wa bargo?"

Babu wanda ya saurare shi. Mutumin Jos ko wuta za shi sai ya ɗauki suwaita, don ba a san abin da yamma za ta yi ba. Muka ɗora tsarabarmu a saman mota, buhun dankalin turawa da kwandon kabeji, muka jira Mama Rifkatu ta iso daga Rayfield, unguwar manyan 'yan boko.

Da isowarta ta kafa dokar da ta saba kafawa: daga nan har a gama wasa, Farisiyawa su zauna a kujerar baya, kada su yi hira ko dariya da Yesu da almajiransa. Wai don gabar ta nuna sosai kafin a hau dandali. Haka muka dunƙule a baya kusa da akwatin kayan wasa, Luka kuma ya miƙe ƙafa a gidan gaba. Luka shi ne yake fitowa a Yesu, saboda dogo ne, ga sanyin murya, ga idanu kamar zai yi maka kuka. Amma mu da muka san shi, in ya ce maka gari ya waye, to leƙa waje ka tabbatar.

Muna sauka daga duwatsu suwaita ta fara nauyi. Kafin Saminaka an tuɓe huluna, kafin Kano an tuɓe duk abin da mutunci ya yarda a tuɓe. A Katsina muka kwana, a masaukin baƙi na wata coci, inda mai kula da wurin ya ga muna sauke barguna ya tambaya ko sayarwa muke. Da safe kabejinmu ya fara ba da sanarwar kansa. Malam Sabo ya ce ko dai kabeji ya sauka ko shi ya sauka, muka bar wa awakin Katsina rabonsu.

A kan iyaka, bayan Jibiya, namu jami'an suka duba takardu suka sallame mu. A ɓangaren Nijar ne wani jandarma, wato ɗan sandansu, ya ce a buɗe akwati. Yana ɗaga murfi ya ci karo da takubban katako da na shafa wa fenti ruwan azurfa, da hulunan sojan Roma na kwali, da rawanin ƙaya, da tarin gemu na gashin tunkiya. Ya ɗago gemu ɗaya da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Mama Rifkatu ta gyara tabarau ta kama Turancin Rayfield, shi kuma ya mayar mata da Faransanci. Suka yi ta fafatawa, babu mai jin wani, har Malam Sabo ya gaji ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan wasan coci ne."

"To mi ya hana ku hwaɗi haka tun ɗazu?" in ji jandarman, da Hausa garau.

Ya ce sai ya ga samfuri. Mama Rifkatu ta tura ni. Na shafa hannu, na karkace baki, na yi wa Luka irin gaisuwar da nake yi masa a wasa. Jandarman ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Sannan ya nuna ni ya ce, "Wanga in shi kaɗai ya zo, ko allura ya ce yana ɗauke da ita sai mun kwance motar duka." Kowa ya yi dariya, har da ni. Da na san abin da ke gabana da ban yi ba.

Maraɗi ta burge ni. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a ɗaure shi bayan keke kamar itace, ga shi da tauri a baya har sai da Luka ya tambaya ko na bara ne. Fura ta zama hura, lafiya ta zama lahiya, mu kuma da muka buɗe baki suka ce Hausarmu kamar an jiƙa ta da Turanci ba a matse ba. Shayinsu ba irin namu na mai shayi ba ne, da madara a kofi har baki. Ɗan mitsitsin kofi ne, a ba ka zagaye uku, na farkon da ɗaci kamar maganin shawara. Luka ya kurɓa ya ce wa mai shayin, "Oga, abeg ina sauran?"

Daga Maraɗi muka bar kwalta muka shiga yashi, nan ne kuma tafiya ta watse. Motar ta nutse har gindi. Mu mun iya tura mota a kan dutse da taɓo, amma yashi wani karatu ne daban: muna turawa tana ƙara tona wa kanta kabari. Sai da wani mai amalanke ya kwance shanunsa ya ɗaura mana, suka fisge ta kamar wasa. Kafin nan rana ta yi nisa, an kuma aiko a babur cewa jama'a sun cika fili tun hantsi. Mama Rifkatu ta tafa hannu.

"Kowa ya sa kayansa a mota. Muna sauka, muna farawa."

"Mama, ni fa akwai gaisuwar da zan fara yi," na ce.

"Dauda, aikin Ubangiji ne a gaba. Suruki ba zai gudu ba."

A nan ne sana'ata ta ci amanata. Da yake ni nake ɗinka kayan wasan, na yi wa kowa riga ta farin yadi mai araha, ni kuwa na zuba wa kaina alkyabbar karammiski baƙa, da tuntaye a gefe, da aiki a ƙirji irin na ango. Ga rawani, ga gemu da aka manna da gam. Haka na sauko daga mota a ƙauyen surukaina, gumi yana bin bayana, ina sheƙi kamar wanda ya cinye dukiyar marayu.

A ƙarƙashin wata babbar bedi aka share fili. Na hango Saratu cikin mata, ta gan ni ta rufe baki da gefen gyale. A sahun gaba ga wani tsoho siriri a kan kujera, da sanda a tsakanin gwiwoyinsa, goshinsa sak nata. Na ce a raina, tunda gaisuwa ta wuce ni, bari in burge shi da gwaninta. Wannan ita ce shawara mafi muni da na taɓa ba kaina.

A Jos, in muna wasa, mutane dariya suke, suna ɗaukarmu a waya, sun san bayan an tashi ni ne zan ɗinka musu ankon biki. A can ba haka ba ne. Da muka ja gefe mu Farisiyawa muna ƙus-ƙus, muna shirya tambayar da za ta kama Yesu ko ta ina ya amsa, sai fili ya yi tsit. Wata tsohuwa mai zanen saƙi ta matso ta kasa kunne. Da ta gama ji, sai ta ratsa tsakiyar dandali da sandarta, ta je ta kama hannun Luka.

"Ɗana, ga abin da sunka shirya maka," ta ce, ta kwashe duka ta faɗa masa.

Luka, ɗan duniya, ya ɗora mata hannu a ka ya sa mata albarka. Mata suka ɗauki guɗa.

Sai lokacina ya zo. Na tako a hankali, na rusuna, na fara zuba masa zuma: cewa kowa ya san shi mai gaskiya ne, ba ya duban fuskar kowa, ba ya tsoron mai mulki. Na juyo na kashe wa jama'a ido ɗaya. Sannan na jefa tambayar, ko ya halatta a biya wa sarkin Roma haraji. In ya ce e, jama'arsa su tsane shi, in ya ce a'a, hukuma ta kama shi. Ban taɓa yin wasan nan da daɗi kamar ranar ba, har ni kaina na tsani kaina.

"Kak ka amsa mai, tarko na!" wani ya faɗa daga baya.

Takalmin ya biyo bayan maganar. Na roba ne, na mace, ya same ni a kunne, rabin gemuna ya saki ya rataya. Da Luka ya ba da amsar da ta rufe mana baki muka juya a kunyace, yadda wasan ya tanada, sai da dattawa suka tare hanya don kada a bi mu. Na saci kallon Baba Arzika. Bai yi dariya ba, bai yi tsaki ba, ni kawai yake kallo.

Wajen cin abinci aka ƙarasa mu. Luka aka shimfiɗa wa tabarma sabuwa, aka ajiye masa zabi biyu da hura mai sanyi, mata suna kawo jarirai ya taɓa. Mu Farisiyawa aka turo mana kwanon tuwon gero daga nesa, yadda ake ba kare mai cizo. Faston ƙauyen ya yi ta bayani cewa wasa ne, suka ce sun sani sarai, amma ai ba a koya wa mutum irin wannan murmushin. Malam Sabo ne ya tausaya mini, ya rage mini cinyar zabo daga nasa kason.

Da la'asar Saratu ta same ni a bayan majami'a, idonta ya yi ja.

"Baba ya tambaye ni wanne ne Dauda a cikinku. Ya nuna Luka yana murna. Na ce a'a, na nuna ka."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce, 'Mai harshen zuman nan?' Ya ce ka zo da safe."

Dariyar da nake ta dannewa tun rana ta tafi. Tsoro ya kama ni sosai, domin ina son yarinyar nan, kuma na ga alamar zan koma Jos ba tare da ita ba saboda gemun tunkiya.

Sai ta gaya mini sauran. Tun rasuwar mahaifiyarta, tsohon yake jiran ta dawo gida ta yi aiki a ɗakin shan magani na ƙauyen. Ita kuwa ta san ba za ta dawo ba, amma ta kasa faɗa masa. Kullum sai ta ce baɗi, fasto ma yana taya ta, don kada ran tsoho ya ɓaci. Tabbas gobe zai tambaye ni ko zan dawo da ita nan mu zauna.

Nan da nan aka kafa majalisa: ni, da Saratu, da fasto, da Mama Rifkatu. Fasto ya ce kada in ce a'a, tsohon ba zai ɗauka ba. Mama Rifkatu ta ce kada kuma in ce e, ƙarya zunubi ce. Ta tsara mini amsa: in sunkuyar da kai in ce duk inda Ubangiji ya kai mu, nan za mu zauna. Har ta sa na maimaita, tana gyara mini inda zan ja numfashi. Mun haɗa kawuna muna ƙus-ƙus ke nan, sai ga tsohuwar nan mai zanen saƙi ta ɓullo da ƙwarya a ka. Ta tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Pasto," ta ce, "har da kai?"

Mama Rifkatu ta fashe da dariya har tabarau ya zame. Ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba.

Da safe na yi wankan da na daɗe ina buri, na sa farin kaftanina, Malam Sabo ya taya ni ɗaukar buhun dankali har ƙofar gida. Baba Arzika yana zaune a zaure da dattawa biyu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya sa aka kawo mini hura. Saratu tana daga bayan zana, ina ganin ƙafafunta.

"Kai na telan?" ya ce.

"Ni ne, Baba."

"Munka ji labarinka. An ce kai mutum na mai gaskiya. Ba ka duban huskar kowa, ba ka tsoron kowa."

Na ajiye ƙwaryar hurar. Maganata ce ta jiya, har da rusunawar kai, tsohon ya haddace ta tsaf ya dawo mini da ita. Dattawan nan biyu suna ta kallon rufin zaure don kada su yi dariya.

"To hwaɗa mini, mai gaskiya. In na ba ka ɗiyata, za ku dawo nan ku zamna?"

Amsar Mama Rifkatu tana bakina, a shirye, da wurin jan numfashinta. Na san in na faɗe ta za ta fita sumul, domin aikina ke nan. Na ɗago na dube shi. Idonsa ba na mai ɗana tarko ba ne, na wanda ya gaji ne. Sai na ji kunya ta rufe ni.

"Baba, ba za mu dawo ba," na ce. "Shagona yana Jos, mahaifiyata tana can, aikin Saratu ma yana can, kuma tana son aikinta. Za mu riƙa zuwa, in ka yarda kuma mu ɗauke ka ka je ka ga inda take. Amma zama, a'a."

Ƙafafun da ke bayan zana suka ja da baya. Na ce shi ke nan, na kashe aurena da bakina. Tsohon ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa.

"Na sani," ya ce. "Tun shekarar da ta tahi na sani. Ɗiyata ta ce baɗi, pasto ya ce baɗi, duk mutanen kirki sunka ce baɗi. Ni kuma in ce to, don kak su ji kumya." Ya ɗago ya dube ni. "Sai da Bahwarisiye ya zo tun daga Jos kahin in samu mai hwaɗa mini."

Ɗaya daga cikin dattawan ya kasa riƙewa ya tuntsire, Baba Arzika ma ya ɗan murmusa.

"Ka turo manyanka bayan damina," ya ce. "Amma ka bar gemen can gida."

Na faɗi ina godiya, ban ma san abin da nake faɗa ba. Murna ta cika ni har ina jin zan iya tura bas ɗin Malam Sabo ni kaɗai daga nan har Jibiya. Shi kuwa ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce in biyo shi. A tsakar gida akwai wani ɗaki da ya fi sauran kyau, da sabon yaɓe, da sabuwar jinka, an share ƙofarsa tas. Ya tura ƙyauren. Gado ne a gyare, da labule, babu ko ƙura.

"Ɗakin Saratu na," ya ce. "Kowace shekara ina sake mai jinka."

Ya tsaya yana kallon ciki. Sannan ya kira matar ɗan'uwansa da ke daka a gefe.

"Geron nan da ke waje, rumbu ya cika. A kwashe a zuba nan."

Saratu ta fito daga bayan zana da gudu ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka, shi kuma yana shafa kanta yana cewa mi ne abin kuka, ai ranar murna ce. Ni ina tsaye da farin kaftanina, na sami abin da na zo nema, na kuma rasa inda zan sa idona. Ban iya komai ba, sai na naɗe hannun riga na shiga layin masu ɗaukar gero.